Me Stockhausen ya tsare wa 'yan uwansa masu tsara kiɗa?

Danliti_Kolon
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, ku yi haƙuri da tsawonta.

Ranar Asabar wani abokin karatuna Bajamushe ya ja ni zauren kiɗa a nan Kolon. Na zaci zan tarar da mutane riƙe da goge, wani zaune gaban fiyano. Ina shiga na ga dandamali wayam. Lasifikoki kawai aka kewaye mu da su, aka rage fitila. Sai muryar wani yaro ta taso ta bayana, kafin in waiga ta koma gabana, ta tarwatse kamar an watsa tsakuwa a kan rufin kwano, ta sake haɗuwa. Minti 13 ana haka. Sunan abin Gesang der Jünglinge, wato waƙar samari, na Karlheinz Stockhausen, tun 1956. Ni kam tsikar jikina ta tashi.

Da aka tashi sai ga dattawa biyu a bakin ƙofa, abokina ya ce duka malaman kiɗa ne, suna ta sa-in-sa. Ɗaya ya ce tun da aka gama yaƙin duniya na biyu Jamus ba ta haifi kamarsa ba. Ɗayan ya ce mutumin ya yi shekara goma sha biyar yana aiki, sauran rayuwarsa kuma ya ƙare ta yana yi wa kansa kirari. Bawan Allah ya mutu tun 2007 amma har jijiyar wuya suke tayarwa a kansa.

In mai shago ya ce wannan hayaniya ce ba kiɗa ba, na gane. Amma 'yan sana'a ɗaya da shi, waɗanda suka san abin da yake yi ciki da bai, me ya haɗa su?

Sarkin_Gardama
Wa alaikumus salam. Hassada ce. A rufe zance a kawo wani.

Yaro_Situdiyo
Ni sunan ne ma ya tsaya mini. Stock-HAUSEN. Ku binciko mana, kar a je ɗan uwa ne ya ɓata a Turai 😂

Binta_Fiyano
Sarkin_Gardama, ba ka ko bari shayi ya huce ba ka yanke hukunci. Yaya Danliti, sai ka san inda yaran nan suka fito kafin ka gane faɗansu.

An haifi Stockhausen a 1928 kusa da Kolon ɗin da kake. Mahaifiyarsa tana da taɓin hankali, gwamnatin Nazi ta kashe ta cikin shirinta na kashe masu irin wannan lalura. Mahaifinsa ya tafi fagen daga bai dawo ba. Shi kuma yana ɗan shekara goma sha shida yana ɗaukar waɗanda suka jikkata a asibitin soja. Irin waɗannan matasa ne suka riƙa haɗuwa a garin Darmstadt duk bazara, inda aka fara kwasa-kwasan sabon kiɗa a 1946. A ganinsu tsohon kiɗa mai daɗin kunne ya ci amana, domin da shi aka yi fareti, da shi aka rufe kukan mutane. Suka ce sai an fara daga sifili.

Hanyar da suka kama ta wani mai tsara kiɗa da ya gabace su ce, Arnold Schoenberg. A fiyano, daga sauti zuwa takwaransa na sama akwai matakai goma sha biyu. Tsohon kiɗa yana da sauti ɗaya da yake gida, duk yawon da za a yi can za a dawo. Schoenberg ya ce a jera goma sha biyun a layi, kar wani ya fi wani. Su Stockhausen da Pierre Boulez na Faransa da Luigi Nono na Italiya suka ce wannan ma bai isa ba, har tsawon sauti da ƙarfinsa sai an jera su da lissafi. To da abin ya tsaya a "ga yadda mu za mu yi", da babu faɗa. Sai ya zama "wanda bai yi haka ba ba shi da amfani". Boulez ya rubuta kusan haka a 1952, kuma a shekarar ya fitar da maƙala mai taken Schoenberg ya mutu, alhali tsohon bai cika shekara da rasuwa ba.

Mal_Sabo_Zariya
Malama Binta ta ɗauko zaren daga bakinsa. Bari in ƙara labari ɗaya da nake ganin ya fi kowane bayani.

1957, bikin kiɗa na garin Donaueschingen. Ana fara wani aikin Hans Werner Henze, Nachtstücke und Arien. Henze sa'ansu ne, Bajamushe, shi ma ya sha wuyar yaƙi, shi ma ya zauna a Darmstadt. Laifinsa kawai ya rubuta abu mai zaƙi, mai waƙa a ciki. Ba a yi nisa da farawa ba Boulez da Nono da Stockhausen suka miƙe su uku suka fice, kowa yana kallo. Ku lura, ba su jira an gama sun ce bai yi ba. Ficewar ita ce hukuncin.

Saboda haka Danliti, in kana lissafin waɗanda suka juya wa Stockhausen baya daga baya, ka tuna shi ya fara koya wa mutane yadda ake tashi a bar ɗan uwa a tsakiyar fili.

Sarkin_Gardama
Malam Sabo, ai ka tabbatar da maganata ke nan. Hassada suka yi wa Henze.

Mal_Sabo_Zariya
A'a ranka ya daɗe. Mai hassada so yake ya sami abin da ke hannunka. Su ba sa son abin da ke hannun Henze, ƙyamarsa suke. Wannan ya fi kama da rikicin aƙida, inda na kusa da kai da ya kauce taku ɗaya ya fi ba ka haushi a kan bare.

Abu_Damagaram
Ni ina ganin kun bar kuɗi a baya. Wa ke biyan mutum ya zauna wata da watanni yana yanka tef da reza yana liƙawa don ya fitar da minti 13? Gidan rediyon Kolon, wanda daga baya aka sani da WDR, shi ne ya buɗe situdiyon kiɗan lantarki, Stockhausen ya shiga a 1953, daga baya ya zama shugaban situdiyon. Aikinsa Gruppen da aka fara kaɗawa a 1958, makaɗa 109 ne aka raba gida uku kewaye da masu sauraro, kowane gida da madugunsa: shi, da Boulez, da Bruno Maderna. Wannan ba abin da kuɗin tikiti zai ɗauka ba ne.

Mu nan mun san abin. Makaɗin fada ba kasuwa ke ci da shi ba, ubangida ne. Kuma in ubangida ɗaya ne makaɗa goma, wanda ya fi kusa da kunnensa shi ke cewa wane ya iya wane bai iya ba. Haka Boulez ya zama a Paris bayan shugaba Pompidou ya kira shi gida aka gina masa cibiyar binciken kiɗa ta IRCAM, aka buɗe a 1977. Duk matashin da ba ya kan layinsa ya san inda ƙofa take. Faɗan da ake yi da sunan fasaha, rabinsa faɗan tukunya ne.

Hajiya_Ummi
Ku gafarce ni 'ya'yana, ni ban san waɗannan mutane ba, jikata ce ta sa ni a zauren nan. Amma ba shi ne wanda aka ce ya yabi harin Amurka ba? In shi ne, me kuma ake nema? Baki shi ke yanka wuya.

Lawal_Hamburg
Shi ne Hajiya, kuma a garin da nake zaune abin ya faru. Ranar 16 ga Satumba 2001, kwana biyar bayan harin, ya zo bikin kiɗa ya zauna da 'yan jarida. Ana cikin maganar babban aikinsa Licht, wanda Lusifa, wato Iblis a al'adarsu, yake ɗaya daga cikin taurarinsa uku, sai ya ce abin da ya faru a New York shi ne aikin fasaha mafi girma da za a iya yi a duk faɗin halitta. Ya kwatanta shi da mutanen da suka yi shekaru suna atisaye don wasa ɗaya tak, su yi shi su mutu. Da wani ɗan jarida ya ce masa ai laifi ne, ya amsa cewa laifi ne mana, tunda mutanen ba su yarda ba, ba su zo kallon wasa ba.

Aka soke wasanninsa huɗu da aka shirya a bikin. Ya fitar da sanarwa cewa an yanke masa magana, shi aikin Iblis yake nufi, kuma yana addu'a ga waɗanda suka mutu. Amma magana zarar bunu ce. György Ligeti, mai tsara kiɗa shi ma, wanda Stockhausen ya saukar a gidansa a Kolon bayan ya tsero daga Hangari, ya fito ya ce in haka yake gani to asibitin mahaukata ya kamace shi.

Sarkin_Gardama
Na ji har ɗaure shi aka yi.

Lawal_Hamburg
Ba a ɗaure shi ba. Soke wasa aka yi, ya koma gidansa a Kürten. Wataƙila ka haɗa da labarin Boulez ne, wanda 'yan sandan Suwizalan suka karɓe wa fasfo na ɗan lokaci a Basel a ƙarshen wannan shekarar. Jaridu suka yi ta danganta abin da tsohuwar maganarsa ta 1967 a mujallar Der Spiegel, inda ya ce a tarwatsa gidajen opera.

Binta_Fiyano
Hajiya, gaskiyarki, maganar ba ta da kyau ko ta wace fuska aka juya ta. Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum ya kalli mutane kusan dubu uku sun mutu, tunaninsa na farko ya tafi kan atisaye da dandamali. Amma ba ita ce amsar tambayar Yaya Danliti ba. A 2001 yana da shekara 73. Abokan tafiyarsa sun daɗe da watsewa. Nono ma tun ƙarshen shekarun 1950 suka ɓata, suka yi shekaru ba sa ga-maciji. Hamburg ta ba mutanen waje dalili ne, na ciki suna da nasu tuntuni.

Danliti_Kolon
To su ne nake son ji. Dattijon nan cewa ya yi shekara goma sha biyar na aiki. In aka lissafa daga farkon shekarun 1950, wajen 1968 ke nan abin ya karye a ganinsa. Me ya faru a lokacin?

Mal_Sabo_Zariya
Lissafinka ya yi daidai. A Mayun 1968 ya kulle kansa kwana bakwai cikin wani hali na damuwa, ya fito da rubuce-rubuce goma sha biyar, Aus den sieben Tagen. Babu alamar sauti ko ɗaya a takardar, umarni ne da kalmomi. Ɗaya yana cewa makaɗi ya zauna shi kaɗai kwana huɗu, ba abinci, ba magana, ya rage barci da tunani, sannan da dare ya ɗauki kayan kiɗansa ya fitar da sauti ɗai-ɗai ba tare da tunanin abin da yake kaɗawa ba. Wani yana cewa ka kaɗa da bugun sararin samaniya.

Ka ga mutumin da ya fice wa Henze saboda bai bi lissafi ba, yau shi ne ke cewa a daina tunani. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Masu lissafi suka ce ya zama boka. Makaɗan da suka yi aikin da shi kuma suka tayar da wata tambayar da ta fi zafi: in layi huɗu ka rubuta, ni na zauna da kakakina na ƙago duk sautin da aka ji na minti ashirin, aka buga faifai da sunanka a sama, to aikin na wane ne? Vinko Globokar, mai busa kuma mai tsara kiɗa shi ma, yana cikin waɗanda suka yi wannan ƙorafi. A 1970 suka je baje kolin duniya na Osaka, aka gina musu zaure mai siffar ƙwallo, suka yi kwana 183 suna kaɗa ayyukansa sama da awa biyar kullum. A shekarar wasu daga cikin yaransa, su Johannes Fritsch da Rolf Gehlhaar, suka balle suka buɗe nasu situdiyon a Kolon.

Kalangu77
Allah Sarki. Malam Sabo ka taɓo mini inda ke yi mini ciwo.

Mahaifina ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana amshi a bayan wani makaɗi, ba zan kama suna ba, duk sun riga mu gidan gaskiya. Mutane suna zaton ɗan amshi aku ne, abin da aka faɗa yake maimaitawa. Wallahi akwai waƙoƙin da gindinsu a ɗakinmu aka haife shi, ina yaro ina ji Baba yana gwada shi da dare yana canza kalma. Gobe a je gidan biki, maigida ya ɗora baitoci a kai, a yi ta liƙi, a ba shi riga a ba shi mota. Baba a ba shi na cefane. Da ya tsufa muryar ta dushe, ko sallama ba a yi da shi ba, wani yaro aka sa a gurbinsa. Har ya rasu in an sa waƙar a rediyo sai ya ce a ƙara murya, bai taɓa cewa tawa ce ba. Ni ne nake jin haushin a madadinsa.

Don haka ni ina bayan Globokar ɗin nan ko ban san shi ba.

Hajiya_Ummi
Allah ya jiƙan mahaifinka ɗana, ya sa haƙurinsa a mizani.

Sarkin_Gardama
Amin. Amma Kalangu77, tsakani da Allah, in ba don maigidan ba wa zai ji gindin waƙar? 'Yan amshi nawa ne suka balle suka kafa nasu suka kai ko'ina? Haka su Fritsch ɗin nan, yau wa ya san su in ba irin su Malam Sabo ba? Akwai abin da jagora ke da shi wanda ba a raba shi.

Kalangu77
Ban ce ba shi da komai ba yallaɓai. Na ce a rubuta sunan kowa.

Tanko_Kumasi
Ku ba ni dama in shigo da ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, don mutumin nan ya taɓa mu.

A 1995 gidan rediyon BBC ya aika masa kaset na wasu matasa masu kiɗan lantarki, ciki har da Aphex Twin, aka ce ya faɗi ra'ayinsa. Shawarar da ya ba yaron ita ce ya je ya saurari wannan waƙar samarin da Danliti ya ji, don ya daina maimaice-maimaicen nan irin na Afirka. Haka ya kira shi. Yaron ya mayar masa cewa shi ma ya saurari nasa, ko ya daina zane-zanen da ba a iya rawa da su.

Kuma ba ranar aka fara ba. Tun 1964 da aka sa wasansa Originale a New York, wasu masu fasaha biyu, Henry Flynt da George Maciunas, suka tsaya a ƙofa da kwalaye suna zarginsa da raina kiɗan da ba na Turawa ba, musamman jaz. Amma shi ɗin ne a 1966 a Tokyo ya ɗebi faifan kiɗan Japan da Bali da kudancin Sahara ya niƙa su cikin na'ura ya kira abin Telemusik, kiɗan duniya baki ɗaya. Kiɗanmu bai isa a koya ba, amma ya isa a zuba a miya.

Binta_Fiyano
Baba Tanko, kalmar ta yi muni, ban musa ba. Sai dai ƙyamar da yake yi wa bugu mai maimaituwa tana da tushe. Yaron da ya tashi yana jin kiɗan maci a rediyon Nazi dare da rana, bugun da ke sa taro ya ɗaga ƙafa tare ba wasa ba ne a wurinsa. Kuskurensa shi ne ya zaci duk maimaici iri ɗaya ne. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kalangu ya san abin da ake kira maimaici ba ya tsayawa wuri ɗaya, kowane zagaye akwai abin da ya gusa.

Tanko_Kumasi
Yawwa 'yata, kuma akwai wanda ya gane haka ya zo har nan ya zauna a ƙasa ya koya. Steve Reich, Ba'amurke, ya zo Jami'ar Gana a Legon a 1970, ya yi karatu wurin Gideon Alorwoyie, gwanin ganga na Ewe. Mako biyar ya yi zazzaɓin cizon sauro ya kore shi, ya koma ya rubuta Drumming. Shi ma bai tsira ba. A 1973 da aka kaɗa Four Organs a zauren Carnegie, ihu aka yi ta yi ana cewa a tsaya. Manyan jami'o'in Amurka na lokacin suna kan layin su Boulez, suka ɗauki shi da ɗan uwansa mai tsara kiɗa Philip Glass a matsayin masu wasan yara. Reich ya ba su amsa mai kyau: su Stockhausen sun faɗi gaskiyar nahiyar da aka ragargaza da bom, amma Ba'amurken da ya tashi cikin manyan motoci da kiɗan Chuck Berry ya ce shi ma haka yake ji, ƙarya yake.

Abu_Damagaram
Kuma da Glass ya fara cika zaure yana yi wa fina-finai kiɗa sai zagin ya ƙaru. Haka Górecki na Folan. Simfoninsa ta uku tun 1976 take, ba wanda ya damu da ita sosai. A 1992 aka fitar da ita a sabon faifai da muryar Dawn Upshaw, ta sayar da sama da miliyan. Nan take wasu suka gano cewa ashe ba ta da zurfi. A wannan duniyar tasu, in jama'a ba su so ka ba an ce ka gaza, in sun so ka an ce ka sayar da kanka.

Sarkin_Gardama
HASSADA. Na gode Malam Abu, ka dawo da ni kan kujerata.

Yaro_Situdiyo
Ni fa a matsayina na mai haɗa kiɗa a kwamfuta, in na ji ana zaginsa sai in ji wani iri. Abin da nake yi da danna maɓalli biyu, yanka murya, juya ta, aika ta daga kunnen hagu zuwa na dama, shi da hannu ya yi shi da tef da almakashi shekara kusan saba'in da suka wuce. Ba banza Beatles suka sa fuskarsa a bangon faifansu na 1967 ba. Amma a gaya mini gaskiya, labarin jirage masu saukar ungulu da gaske ne ko sharrin intanet ne?

Lawal_Hamburg
Da gaske ne ƙanena. 26 ga Yuni 1995 a Amsterdam. Masu goge huɗu na ƙungiyar Arditti, kowa a cikin jirginsa, matuƙa sojojin saman Holan ne. Suna sama suna kaɗawa, ana turo sauti da hoto zuwa zaure, shi yana ƙasa yana haɗa ƙarar goge da ta farfela. Ya ce a mafarki ya gani. Kuma wannan yanki ɗaya ne kawai daga Licht, opera bakwai, kowace da sunan rana ɗaya ta mako, kusan awa 29 gaba ɗaya. Daga 1977 zuwa 2003 yana kanta. Ta Lahadi da ta Laraba ma bai ga an yi su cikakku a dandamali ba, sai 2011 a Kolon da 2012 a Birmingham.

Yanzu ka sa kanka a matsayin mai tsara kiɗan da ke roƙon a ba shi makaɗa biyar da atisaye biyu ana ce masa babu kuɗi.

Hajiya_Ummi
Jikata ta karanto mini wai ya ce shi daga wani tauraro ya zo. A'uzu billahi.

Mal_Sabo_Zariya
Haka ne Hajiya, Sirius, wanda muka sani da Shi'ira, mai suna a Suratun Najmi. Ya sha faɗa cewa can ya yi karatunsa na kiɗa kuma can yake fatan komawa. Wasu almajiransa suna cewa misali ne, amma shi bai taɓa nuna wasa yake ba.

Kuma a nan nake ganin amsar Danliti ta fi ƙarfi. Da Henze ana iya musu, da Reich ana iya musu. Mutumin da ya ce daga sama ake yi masa shifta, ta ina za ka ce masa baiti na uku bai zauna ba? Ya bar kamfanin da ke buga masa ayyuka ya kafa nasa, ya tattara faifansa ya koma sayarwa da kansa, ya zauna a Kürten da 'yan tsirarun makaɗa, ciki har da 'ya'yansa, su ne masu kaɗa abin yadda yake so. Ya fita daga zauren da ake yi wa juna gyara. 'Yan sana'a suna yafe wa mutum kuskure, amma da wuya su yafe masa ya nuna ba ya buƙatar kunnensu.

Abu_Damagaram
Kun manta Cornelius Cardew. Baturen Ingila, ya yi masa yaron aiki daga 1958 zuwa 1960, shi ya zauna ya fitar da rubutun aikinsa mai suna Carré dalla-dalla. Daga baya ya rungumi aƙidar Mao, a 1974 ya fitar da littafi sukutum da taken cewa Stockhausen yana yi wa mulkin mallaka hidima. Hujjarsa ita ce duk wannan maganar taurari tana ɗauke hankalin talaka daga abin da ke damunsa a ƙasa. Abin dariyar, Cardew bai bar kansa ba, ya yi tir da nasa tsofaffin ayyukan a littafin. Ka ga na hagu sun ce ya gudu daga siyasa, masu lissafi sun ce ya gudu daga hankali, masu son daɗin kunne dama tun farko ba sa yi da shi. Ko'ina ya juya akwai mai jiransa da sanda.

Binta_Fiyano
Duk da haka kar a maida shi ɗan damfara kamar yadda wasu ke yi. Ɗan damfara shi ne irin Mamoru Samuragochi na Japan, da aka yi ta kira Beethoven na zamani, sai a 2014 Takashi Niigaki ya fito ya ce shi ke rubuta masa shekara 18. Stockhausen ko maƙiyinsa bai ce bai iya ba. Ku nemi Stimmung, mawaƙa shida zaune a da'ira sama da awa ɗaya a kan haɗin sauti guda, suna juya baki har ka fara jin wasu muryoyi a saman muryarsu. Na sa wa ɗalibaina, rabi suka yi dariya, wata yarinya kuwa ta ce in sake sawa.

Baba Tanko, ka lura, awa ɗaya a kan sauti guda. Wanda ya hana maimaici ke nan.

Tanko_Kumasi
😂 In shi ya yi sunansa zurfin tunani, in mu muka yi sunansa na Afirka.

Danliti_Kolon
Na gode ƙwarai jama'a, na sami fiye da abin da na zo nema, ko da yake har yanzu ban san wanne daga cikin dattawan nan zan bi ba. Da na karanta maganar Hamburg sai na ji kamar in fasa sauraronsa. Da daddare kuma na sake sa waƙar samarin a kunne, abin da na ji ranar Asabar bai ragu ba. Abokina ya ce kalmomin daga littafin Daniyel ne, samari uku da sarki ya jefa cikin wuta suna yabon Ubangiji. Da na tuna abin da Malama Binta ta faɗa game da mahaifiyarsa da asibitin soja sai na kasa barci.

Ya ce Kürten ba nisa, zai kai ni in an yi hutu.

Kalangu77
Danliti, kafin ka tafi. Yaron da ya yi waƙar fa? Wane ne?

Binta_Fiyano
Josef Protschka, yana ɗan shekara 12 lokacin. Ya girma ya zama mawaƙin opera sananne.

Kalangu77
Madalla. To takardar shirin da aka raba muku ranar Asabar, an sa sunansa?

Danliti_Kolon
Wallahi ban lura ba Yaya. Tana cikin aljihun rigar sanyina, bari in na koma ɗaki in duba.